Zare Rawaya Don Baba Ari

Kuɗin da na shiga mota da su zuwa Legas ƙaurin banda suke yi. Ke Yagana, yi dariyarki, amma hannu ya ci gaba da cire hancin tattasai, uwarki ba za ta karɓi labari a madadin aiki ba. Kakanku Baba Ari ne ya kwance su daga bakin tsumma ya ba ni. Kuɗin kallinsa ne, ragar kifi ta ƙarshe da muka iya fitowa da ita daga Bosso shekarar da aka tashe mu.

Ku ba ku san halin da ya shiga ba, kuna goye a lokacin. Tun da muka sauka nan Diffa ya juya wa kogi baya. Ba magana nake ƙawatawa ba, tabarmarsa ma sai ya shimfiɗa ta yadda ƙeyarsa za ta kalli Komadugu. Alhali kogin nan shi ne dai mai wucewa ta bayan gidanmu na Bosso ya faɗa tafki. Idan ruwa ya iso da damina, yara na gudu a gabansa bisa yashi suna ihu, gari duk ya tafi kallo, shi ko motsi. In an matsa masa ya ce, "Ba jirgi, ba raga, in je in ce wa ruwa me?" Mutumin da ke cika gida da labarin giwan ruwan da ya tsinke masa fatsa yana saurayi, har mun haddace, ya daina ambaton kifi. Yana ramewa muna kallo, kuma likita bai ga ciwon komai ba.

Ran da zan tafi, na durƙusa yana sa mini albarka, sai ya ce, "Kyari, an ce ba abin da babu a Legas. In ka ga zaren da giwan ruwa ba ya iya tsinkawa, ka riƙo mini." Zolaya yake yi. Amma ranar ce ya fara sake kiran sunan kifi da bakinsa, ni kuwa na ƙulle maganar a raina. Na ce in dai zare ne zai mai da tsohon nan bakin ruwa, ko a ƙarƙashin teku yake sai na tono shi.

Hanya ba ta da labari, Damagaram, Kano, sai kudu, ƙafa ta kumbura. Na fara da gadi kamar kowa. Can kowane ɗan arewa sunansa Malam, ko da bai iya Fatiha ba. Gidan da nake gadi yana jikin wani kanti na kayan kamun kifi, mai shi wani Balaraben Labanan, Oga Fu'ad. Haifaffen Kano ne, Hausarsa ta fi tawa, har gyara mini yake. Wata rana ya gan ni ina ɗaure ƙugiya a igiyar shanya don kewa, ya tsaya ya duba ƙullin, ya ce, "Kai ɗan ruwa ne?" Na ce, "Jikan ruwa ma." Da haka na bar gadi, na koma aiki a kantinsa.

Abin da na gani a kantin nan, har yanzu in na rufe ido yana zuwa mini. Bango guda zare ne tun daga ƙasa har rufi, kore, shuɗi, rawaya, wani ma launinsa na canzawa yana tafiya. Masu saye manyan mutane ne. Su hau jirgi mai inji su shiga teku, su kamo kifin da zai ciyar da unguwarmu, su rungume shi a ɗauke su hoto, sannan su mai da shi ruwa. Wallahi mai da shi suke yi! Ranar farko da na gani a wayar wani, sai da na ce masa, "Oga, in ba ka so, ai akwai masu so."

Zaren kuwa ba irin lilon da muka sani ba ne, mai santsi mai jawuwa kamar roba. Wannan kitsa shi ake yi, siraran zarurruka a haɗa su kamar kitson kanku, wani huɗu wani takwas. Su suna ce masa bired. Na yi sati ina mamakin yadda babban mutum zai shigo kantin ƙugiya yana neman biredi, har na taɓa nuna wa wani mai shayin bakin titi. Ni dai na sa masa kitsattse, har Oga ya koma kiransa haka.

Ranar da na fara riƙe shi na yi abin da kowane ɗan Bosso zai yi. Na naɗa a hannu biyu na fizga don in ji ƙarfinsa. Bai tsinke ba, ni na tsinke, ga tabon nan. Na sa haƙori in yanke, ya ƙi. Sai ga Oga a kaina.

"Kai Kyari, mahaukaci ne kai? Wa ya ce ka ja da hannu?"

"Haka ubana ke gwada zare."

"Ubanka na da yatsun canji? Wannan ba ya miƙewa ko kaɗan. In ya maƙale, a itace ake naɗawa a ja. Kuma ka daina zuba mini jini a kaya."

Aikina naɗa zare a inji. Injin da suke ce wa betkasta, ɗan dunƙule ne da ke zaune bisa sanda, cikinsa akwai ƙwarƙwaro irin na keken ɗinki, yana juyawa da kansa in ka jefa. Babban yatsanka ne birkinsa. Ka yi saurin dannawa, ƙugiya ta faɗi a gabanka. Ka yi jinkiri, ƙwarƙwaro ya fi zare gudu, duk ya cukurkuɗe ya zama sheƙar tsuntsu. Sai ka ga mai kuɗi ya shigo da ita a hannu, fuska kamar an yi masa rasuwa, ni ke zama da tsinke in warware.

A nan na koyi zaɓe. Ni a zatona siriri shi ne gwaninta, tunda ga ƙarfi ga rashin nauyi. Oga ya ce a'a, a irin wannan inji siriri nutsewa yake cikin ɗan'uwansa in kifi ya ja, jifa na gaba sai ya cije ya tsinke. Mai ɗan kauri ake so, wanda zai kwanta bisa juna. Kafin a naɗa kuma sai an fara shimfiɗa lilo a ƙasa, in ba haka ba dukan zaren ya riƙa zamewa a jikin ƙwarƙwaro, kana juyawa ba abin da ke tahowa. A matse shi da jiƙaƙƙen tsumma yana shiga. Mai kitso huɗu yana da kaushi, yana yanka ciyawa, yana kuka in ya bi ta zoben sanda. Mai takwas sumul yake, ya tafi nesa shiru.

Ina naɗawa ina tafiya. Hannu na juyawa, ido na kan zare, sai in ga ya fita ta ƙofar kanti, ya haye gada, ya bi kwalta ya wuce Kano, ya ratsa Gure da Maine, ya bi ta lambunan Shetimari da jan tattasai a shanye, ya sauka a Komadugu a hankali ko ƙara babu. A ƙarshensa ina ganin Baba tsaye, wando a naɗe, ruwa iya ƙwauri. Sai in ji muryar Oga, "Kyari! Ya cika yana zuba!"

Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar tsohon inji da sanda a wurin gyara, bai dawo ba. Da aka daɗe Oga ya ce in ɗauka. Na kai ɗakina a Agege, na riƙa koyon jifa a tsakar gida, bokiti ne kogina. Mai gidan wata Bayarabiya ce, Iya Risika, mace mai murya kamar lasifika. Ran nan yatsana ya makara, dalmar da na ɗaura a bakin zare don nauyi ta tashi ta naɗe zanenta na zuwa biki a kan igiya, na ja, zane ya biyo ni ta cikin kwata.

"Malam! Yu wan kil mi? Kifi yana cikin gidana?"

"Iya, haƙuri, koyo nake."

"Koyo! Je ka koya a gidan babanka!"

"Ai don shi nake yi."

Ta tsaya ta dube ni. Na wanke zanen sau biyu, ta ce bai fita ba, na sake. Bayan nan kullum in ta ga na fito da sanda sai ta kwashe shanyarta tana zagina, amma ba ta sake hana ni ba.

Saura zare. Kauri na san wanda zan ɗauka, kitso takwas na yanke, don ina so ya kai tsakiyar kogi daga gaɓa tunda ba jirgi. Launi ne ya tsai da ni. Oga ya ce kore, shi ke ɓacewa a ruwa mai laka. To amma duk lokacin da na buga waya, gwaggonku Falmata ce ke ɗauka, sai gaisuwarmu ta gida, kilewa, kilewa, kowa lafiya lau. Sau ɗaya kawai ta ce, "Idon Baba ya ɗan yi yana, ba wani abu ba." Sai na ce to rawaya zan kai masa, mai haske, wanda ko mai raunin ido zai ga inda ya shiga ruwa. Rawaya mai takwas a kaurin da nake so ya ƙare a kanti, sai jirgin kaya ya kawo. Oga ya ce, "Ɗauki kore ka tafi, kifi ba ya zaɓen riga." Na ƙi. Ina jiran jirgi damina ta wuce, kogi ya cika ya janye ya koma yashi, sai na ce ai ba amfanin zuwa da rani. Haka na ƙara shekara a kan launi.

Na iso ana ce ruwa ya kwana biyu da zuwa. Na shiga gida da sallama, sanda a kafaɗa kamar soja. Baba na kan tabarma. Ya juyo da fuska, amma ba daidai inda nake ba, ya miƙa hannu yana laluben iska. Idanun nan fari fat.

Na ja Falmata bayan ɗaki, raina ya ɓaci. "Wannan ne ɗan yana? Tun yaushe?"

"Tun bara. An kai shi lopital, likitoci sun ce ya wuce aiki."

"Ki kasa gaya mini?"

"Wa ya taɓa aika wa matafiyi mugun labari? Ka baro aikinka ka zo ka buɗe masa ido? Shi ma ya ce kada a faɗa."

Gaskiyarta, haka muke yi, ni ma da na kwanta zazzaɓi a Agege kilewa na ce musu. Amma na yi kuka a bayan ɗakin nan, kuka sosai. Ga zare rawaya a aljihuna yana ƙyalli, ba mai ganinsa.

Na so in ɓoye kayan. Shi ya tambaya, yana murmushi, "Ina saƙona?" Na sa masa bakin zaren a tafi. Ya murza, ya bi shi da farce, ya kai baki ya ciza, ya fara naɗawa a hannu zai fizga, na riƙe shi da sauri na ɗora yatsansa a kan tabona. Ya riƙa shafa tabon. Can ya ce, "Ba ya miƙewa?" Na ce ko kaɗan. Ya ce, "To kai ni in ji."

Da hantsi muka tafi, hannunsa a kafaɗata. Ban sa ko tsutsa ba, dalma kawai na ɗaura, don ban sa rai da komai ba. Na jefa, zare ya tafi shiru ya sauka can tsakiya. Na ba shi sanda, ya ƙi riƙe ta yadda ake riƙewa, ya kama zaren tsakanin yatsu biyu ya ce in riƙa juyawa a hankali.

Ashe abin da ya yanke ni shi ne amfaninsa. Lilo yana shanye motsi kafin ya iso hannu, wannan kuwa duk abin da dalma ta taɓa sai ya kawo maka.

"Yashi," in ji Baba. Na juya. "Yashi. Yanzu laka. Tsaya, nan itace ya kwanta, ɗaga kaɗan." Na ɗaga, ta haye. "Rami. Kai, wannan ramin tarwaɗa ne, mai zurfi." Fuskarsa ta saki, bakinsa a ɗan buɗe, ƙafarsa ta matsa har ruwa ya taɓa yatsunsa bai janye ba. Sai ya yi dariya, irin wadda na rabu da ji tun Bosso. "Ga wata 'yar karfasa tana dungurin dalma, marar kunya."

Muka daɗe a haka. Da dalma ta iso gaɓa ya ce, "Wane launi ne zaren?"

Na ce, "Rawaya, Baba. Don ka gani na zaɓa."

Ya ce, "To ai ga shi ina gani. Sa mini tsutsa, ka jefa bakin ramin nan."

Giwan ruwa dai har yau bai zo ba, kuma ni ban koma Legas ba, ga ni ina cire hancin tattasai da ku. Zaren ma ya koɗe, ya zama kamar ruwan koko. Kai Bukar, rana ta yi, ɗauki butar nan ka kai wa kakanka ruwan sha a bakin kogi. In ka tarar zaren ya yi sheƙar tsuntsu kada ka ja da hannu, ka zo ka kira ni.