Majalisar da Ta Dawo Jikin Katangarmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Maman Ilham daga Roni.

Turaren wuta nake sayarwa ta waya, shi ya sa maigida ya sayo mana rauta, na'urar da ke raba intanet a gida. Da farko gudu take kamar walƙiya. Amma tun ranar sunan Ilham, hoto ɗaya sai ya yi ta juyi har mai saye ta gaji ta tafi wani wurin. Na kashe na kunna, na ɗora ta kan taga, duk a banza.

Sai na lura majalisar unguwarmu ta bar inuwar darbejiya ta dawo jikin katangarmu, cikin rana, kowa kai a sunkuye. Jiya na zare wayar rautar da gangan. Nan take na jiyo muryar Kawu Sale, kawun maigidana Habu: "Ikon Allah, sabis ɗin gidan Habu ya ɗauke!"

Maigida ya rantse Kawu kaɗai ya ba lambar sirri ranar suna.

Malam, yaya zan canja lambar nan ba a ce na kori Kawu ba? Ina gaida 'yan majalisa. Na san suna sauraron shirin nan, da datata.