Matar da Ke Tsaya Mini a Hanya

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Ayuba. Yawancinku kun san ni da sayar da taya, amma kafin taya ta rufa mini asiri direba ne ni, kuma abin da zan faɗa yau ko 'ya'yana ba su taɓa ji daga bakina ba.

Shekarar da fari ya cinye dabbobi, sojoji kuma suka karɓi mulki, na samu takardar tuƙi a nan Yamai. Wani ɗan kasuwa a unguwar Kalley ya ba ni kamiyo, wato babbar motar kaya, ina kai hatsin agaji arewa, Tahoua da gaba. Sabon direba ba shi da albashi, kowace tafiya da kuɗinta, shi ma rabin na tsofaffin direbobi. Hanyar da kowa ya ƙi ita ce taka. In ka nemi hutu, sai a nuna maka masu zaman jiran makullinka a bakin gareji. Na yi mako bakwai ban kwana ɗakina ba, ga matata Saratu da jaririyarmu Rahila a unguwar Harobanda, ƙetaren kogi.

Don in riƙa juyowa da wuri na fara shan ƙwayar hana barci. Da farko ɗaya, daga baya na daina ƙirgawa.

Akan ɗora mana soja a kan kaya, kuma ba a tsayawa sai inda aka rubuta. Wata rana da tsakar rana muka iske wata mata ita kaɗai a bakin hanya, mushen shanu kewaye da ita. Ba ta yi magana ba, ƙwarya kawai ta ɗaga da hannu biyu. Na rage wuta, sojan ya buga rufin mota da gindin bindiga, na wuce. Mota cike da hatsi, ban ba ta ko tsaba ɗaya ba.

Daga ranar na fara ganin ta. Kullum da rana tsaka, a tsakiyar hanya, da ƙwaryarta. Iska na kaɗa komai, zanenta ba ya motsi. Sau biyu na kauce mata, a na biyun mota ta kusa kifewa da ni.

Na gaya wa wani tsohon direba, Malam Idi. Ko mamaki bai yi ba. Ya ce, "Yaro, ƙwaya ce, kowa da abin da yake gani. In ta taso maka, kak ka taka birki, kak ka kauce, bi ta kanta ka wuce. Masu kaucewa su muke biznewa."

Na bi shawararsa. In ta tsaya sai in riƙe sitiyari in ƙara wuta, ta yi ta matsowa har in ga tsagar fuskarta, sannan ta ɓace. Abin kunya, har na saba.

Ran nan na dawo Yamai, mai mota ya ce ya ba ni awa biyu in leƙa gida kafin a sake lodi. Kwana uku ke nan ban runtsa ba. Na ƙetare gada da motar, na karya kwanar layinmu, sai ga ta tsaye a tsakiya, ƙwarya a hannu biyu.

Haushi ya kama ni. Na ce a raina, har gida kika biyo ni? Na ƙara wuta.

'Yan'uwa, na yi watanni ban yi addu'a ba, ban kuma yi niyyar yi ba. Amma sai na ji bakina ya ce, "Yesu, taimake ni." Ƙafata ta koma kan birki, ni dai ban kai ta ba. Motar ta ja ƙasa ta tsaya, hancinta ya bugi ƙwaryar, ruwa ya zube.

Saratu ce. Ta ji ƙarar mota ta fito tarye na da ruwan sha, Rahila goye a bayanta.

Ta dube ni ta ce, "Maigida, lahiya? Ba ka gane ni ba?"

Na sauko na durƙusa a ƙasar da ta jiƙe, na yi kuka kamar yaro. Ranar na mai da makulli. Fasto da dattawa suka zauna da ni kwana huɗu ina rawar jiki ina zufa, suna addu'a, har ƙwayar ta sake ni. Tun daga nan ban ƙara sha ba, ban kuma ƙara ganin matar ba.

Abu guda ya rage, ba zan ɓoye muku ba. Sau nawa na bi ta kanta a hanyar arewa, ban sani ba. Nakan ce wa kaina ban taɓa jin mota ta taka wani abu ba, amma kamiyo da lodi ba komai yake ji ba, kuma shekarar mutane da yawa sun tsaya a hanya da ƙwarya. Wannan na ajiye shi a gaban Ubangiji, shi da ya san kowa da sunansa.

Na gode wa Allah da ya tsayar da motar nan. Samari masu riƙe sitiyari, in barci ya zo ku kwanta, in tsoro ya zo ku kira Yesu, ku dogara gare shi. Ku sa ni a addu'a, ku sa mutanen hanyar nan ma. Amin.