Tambarin da ke Damtsen Delbert

A layin gidan waya na wani ƙauyen jihar Kentucky ta Amurka, Delbert ya lura matar da ke bayansa tana kallon tambarin zuriyar Kincaid da aka zana masa a damtse.

Ya yi tsaki. "Shekara talatin ina taƙama da shi, baiwar Allah. Sai ga gwajin yawu na gano asali ya ce tsatsona na wajen uba ba Kincaid ba ne."

"To, jinin wa ne kai?"

"Wai gidan Pruitt! Ɓarayin kajin nan da mahaifina ya hana mu ko gaisawa da su!"

"Pruitt na bakin rafi?"

"Su fa!"

Ta ƙare masa kallo, idonta ya tsaya a kunnuwansa.

"Lallai kam, ga kunnuwan gidanmu nan kamar faifai. Taron dangi ran Asabar ne, Baffa. Kai za ka kawo kaza."