Geron da Ya Zube a Kan Lasifika

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Sunana Habu, mai gyaran rediyo a Makera. Kunya ce ta sa na rubuto.

Wata rana gero ya zube a kan lasifikar da nake gwadawa. Da na ƙara sauti, sai ƙwayoyin suka jeru zobe-zobe. Nan take na ce na gano sirrin sama: rana ce ke kaɗawa kamar lasifika, duniyoyi kuma suna bin zobensu kamar geron nan, babu wani ƙarfi da ke janyo su. Shekara biyu ina cika littafi da zane.

'Yata Bilkisu tana ajin kimiyya a sakandare. Ta ce, "Baba, ba haka aka koya mana ba." Na daka mata tsawa, na tilasta mata ta kai bayanina gasar kimiyya ta makarantarsu. Har babbar riga na sa na tafi.

Malamarsu ta tambaye ta a hankali, "To tauraro mai wutsiya fa, da yake ratsa zoben nan duka, me ke riƙe da shi?" Bilkisu ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ɗalibai suka kwashe da dariya, ita kaɗai a tsaye.

Tun ranar ba ta sake yi mini tambaya ba, har ta ce za ta bar kimiyya. Jama'a, yaya uba yake ba 'yarsa haƙuri? Bilkisu, in kina saurare, ke ce da gaskiya.