Na Juye Kyautar Ɗana a Masai

Malam mai karanta wasiƙu, ina gaisuwa daga Zakka, ƙasar Safana.

Ɗana Lawal yana makarantar Midil ta Katsina. Wani attajiri ya ba shi kyautar akwatin kwalaben gwaji, don ya fi kowa a ilimin haɗa sinadarai. Da ya zo hutu na ga ya ɗiga wani abu a ruwa, ruwan ya koma ja. Na ɗauka sammu ne. Yana tafiya gona na juye su duka a masai.

Da ya dawo sai ya ce, "Ba komai, Baba."

Jibi attajirin zai zo ya ga yadda Lawal ke koya wa yaran garinmu gwaji da kwalaben. Jama'a, da wane ido zan tarbe shi?