Ɗan Wasa Na Sha Ɗaya

A shagon kwamfuta na bakin tashar Birnin Gwari, ina fake da littafina, na ji wani saurayi da wani dattijo mai jiran layi suna musu a gaban allon kwamfutar.

"Sha ɗaya ne, Baba," in ji saurayin. "Ga jadawalin 'yan ƙwallonmu na Kusasu, kowane gurbin suna a cike yake. In ba mu kai sha ɗaya ba, ba za a sa mu a gasar ba, kuma yau ake rufewa."

"Goma ne, yaro. Sake ƙirgawa."

Saurayin ya bi guraben da yatsa. "Tara, goma, sha ɗaya. Ka gani?"

"Na ƙasan nan ƙuda ne."

Dattijon ya hura allon. Ɗan wasa na sha ɗaya ya tashi sama, gurbin ya koma fari fat.

"Innalillahi! Wurin Japheth ne, golanmu! Ya koma Saminaka na goge shi, wallahi na manta."

"Gola? Ai gola ba aikin yara ba ne. Sai irin wanda ya taɓa tare wa ƙungiyar Randagi fanareti da silifas a ƙafarsa."

"Wa ke nan?"

"Wani dai. Har yanzu gwiwarsa lafiya lau, in ba a yi sanyi ba."

"Baba, shekarunka nawa?"

"Akwai gurbin shekaru a jadawalin?"

"Babu."

"To rubuta Mailafiya. Yi sauri kafin ƙudan nan ya dawo."