Na'ura Ta Ba Ni Aiki, Baba Ya Hana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni ne Bello, daga Ƙofar Atiku a Sakkwato.

Tun ina saurayi nake yanka katako da zarton lantarki a wani kamfanin kujeru. Bayan sojoji sun karɓi mulki aiki ya ja baya, aka rufe kamfanin, aka sallame mu. Sai muka ji an kawo kwamfuta wani ofis a Sama Road, wadda ke haɗa mutum da aikin da ya dace da hannunsa. Na je na faɗi abin da na iya. Ta samo mini gurbi a mayanka, inda ake yanka ƙashi da irin zarton da na saba.

Na dawo da murna na gaya wa mahaifina, wanda limami ne a unguwarmu. Sai ya ce, "Bello, wanga gida ba mu gaji fawa ba. In kat tafi, kak ka sake zama bisa tabarmata."

Malam, na'ura ta san hannuna, amma ba ta san gidanmu ba. 'Ya'yana uku, gero ya ƙare. Jiya don rashin abin yi na wasa wuƙar matata har tana ƙyalli, alhali babu abin yankawa.

Ina gaida tsofaffin abokan aikina duk inda suka watse. Jama'a, ku ba ni shawara don Allah: in ji maganar ubana, ko in ji kukan 'ya'yana?